Zanen Dutse da Ruwa na Gidan Tomas

Da safiyar Talata aka wayi gari babu zanen a bangon ɗakin baƙi na gidan Tomas. Ƙusar tana nan can sama, a miƙe, ko lanƙwasa ba ta yi ba. A ƙarƙashinta bangon ya fi ko'ina haske, dogon fili daga sama har kusan ƙasa, kamar inda aka ɗage tabarmar da ta daɗe a shimfiɗe. Matarsa Hannatu ce ta fara gani, ta saki kururuwa. Kafin hantsi rabin unguwa ta shigo ta kalli ƙusar.

Kowa a wannan gefe na Diffa ya san zanen. Tomas mutumin Dogon Dutsi ne, Kirista, ya yi shekaru yana dafa wa Sinawa abinci a rijiyoyin mai na Agadem. A cikinsu akwai wani dattijo da ma'aikata suke kira Ba-Sukari, saboda yadda yake shan shayinsa tsura. Shi ya zana abin da hannunsa, da baƙar tawada da alƙalamin gashi, a kan doguwar takarda mai laushi. Da ya je hutu ƙasarsu aka liƙa mata siliki a gefuna, aka sa mata sanda a ƙasa da igiya a sama, don a rataye, don kuma a naɗe. Shekarar da ƴan Boko Haram suka kawo hari Diffa dattijon ya koma gida, ya bar wa Tomas ita.

Duwatsu ne a jiki, wani bisa wani, masu tsini, da itatuwa a karkace a jikinsu. A ƙasa akwai kogi da ƴar hanya, da wani mutum a jirgi wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba. A tsakiya kuma fili ne fari fat, ba a sa masa ko ɗigon tawada ba. Gefe guda rubutunsu ya sauko daga sama, da jan hatimi a ƙarshensa. Tomas ya ce a wurinsu sunan irin wannan zane dutse da ruwa, shi ke nan. Mutanen Diffa, da ba su da tudu sai na yashi, sukan tsaya su ce, "To a nan ina mutum zai shuka tattasai?"

Ran nan ba wanda ya yi wasa. Nasidi ne ke magana, maƙwabcin Tomas, ɗan kabu-kabu a da. Tun da aka hana hawan moto aikinsa ya koma bakinsa.

"Ku daina ce masa hoto," in ji shi. "Taswira ce. Ga kogi, ga mashigi, ga jirgi, ga rubutun da ba mai karantawa. Wa ke tsayawa gabanta kullum yana bin ta da yatsa? Ku faɗa mana, ai kun sani."

Sun sani. Modu ne, masunci daga ƙetaren kogin Komadugu, wani ƙauye kusa da Damasak. Shi da matarsa Kaltum da ƴaƴansu sun tsallako da kayan jikinsu kawai, Tomas ya ba su ɗakin baya, ya kuma faɗa a gaban jama'a cewa nasu ne sai ranar da aka samu lafiya. Shekara ta uku ke nan.

A wancan lokacin, in aka ce mutum ɓarawo ne, duka zai sha ya tafi. In kuwa aka ce ɗan gudun hijira ya ɗauke taswirar kogi, motar jami'an tsaro ce za ta zo, kuma wanda ya shiga motar ba a san ranar dawowarsa ba.

Bulama Alkali, mai unguwar, ya aika a kira Maina.

*

Maina tsoho ne siriri, mutumin wajen Geskeru, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun raƙuma da shanun sata. Da daji ya rufe sai ya shigo gari ya zauna wurin ɗansa. Ya iso ya cire takalmi, ya ce kowa ya fita.

Ƙasan ɗakin yashi ne, Hannatu ta fi son shi da siminti saboda zafi. Tsakiyarsa an tattake kamar kasuwar dabbobi. Maina ya girgiza kai.

"Wa ke share nan?"

"Ni ce, Baba," in ji Kaltum daga bakin ƙofa. "Kullum bayan magariba."

"Jiya fa?"

"Na share. Yana nan a rataye lokacin."

Maina yana da tsarin aikinsa, tun daga daji. Kafin ya nemi baƙon sawu sai ya fara cire na mutanen gida daga idonsa, don kada su ɓata masa lokaci. Ya ce mai gida ya miƙo takalminsa. Na taya ne, diddigen hagu ya cinye.

"Yaushe rabonka da ɗakin nan, Mushe Tomas?" Haka ake kiransa, Mushe shi ne Malam a bakin masu Faransanci.

"Tun la'asar jiya," in ji Tomas, muryarsa a dishe. "Sai da na ji ihunta na shigo."

"To, na cire ka." Ya dubi silifas ɗin Hannatu. "Ke ma na cire ki."

Ya bi jikin bango a tsugune, inda zanen tsintsiya bai ɓace ba. Daidai ƙarƙashin ƙusar ya tsaya. Sawu biyu ne a jere, ba takalmi, sun nitse a yashin.

"Wannan ƙafar ruwa ce," ya ce. "Yatsu a buɗe, na wanda ya girma yana kama bakin jirgi da su. Bayan shara ya zo, ya kuma daɗe a tsaye."

Ya faɗa ne kamar yadda ya saba a daji, inda ba mai ji sai mai raƙumi. Ya manta akwai kunnuwa cike da taga. Kafin ya miƙe an jawo Modu daga ɗakin baya.

"Ban shiga ba! Wallahi ban shiga ba!"

Aka ɗora ƙafarsa a sawun. Ta zauna daidai.

Da ƙyar Bulama ya raba shi da samari, ya tura shi zaurensa ya kulle. Wasu suka faɗa ɗakin baya, suka watsar da tukwane da tsummokaran yara, ba su ga komai ba.

"A bar maganar nan, Bulama," in ji Tomas. Fuskarsa ta yi toka-toka. "Takarda ce kawai. Na yafe."

"Ta wuce takarda yanzu. In na yi shiru, gobe ni za a tambaya me ya sa na ɓoye." Bulama ya juya ga Maina. "Ba Maina, zuwa la'asar. In ta yi ba a ga abin nan ba, sai in kira masu mota. Ba ni da ikon riƙe shi ya kwana."

Maina ya sa takalminsa. Kaltum tana durƙushe tana tsince gero daga cikin yashi, ba ta ɗago ta kalle shi ba. Ya fi son da ta kalla.

*

A zauren Bulama, Modu yana zaune a ƙasa, leɓensa a fashe. Dogo ne, ko a zaune an san dogo ne.

"Me ya sa ka ce ba ka shiga ba?"

"Tsoro, Baba. Na ga idanunsu."

"To yanzu ba idon kowa. Me ka je yi?"

Modu ya kalli hannuwansa. "Kallo."

"Kallon me? Shekara uku ba ka gama ganin takarda ɗaya ba?"

"Ba haka ake ganinta ba. Mai gida ne ya koya mini, yadda Shinuwan nan, Ba-Sukari, ya koya masa. Ba a kallonta gaba ɗaya kamar hoton kalanda. Daga ƙasa ake shiga. Ka sa idonka a ƴar hanyar nan kamar ƙafarka ce, ka bi ta bakin ruwa, ka gaisa da mai jirgi, sannan ka hau a hankali. In ka iso farin wurin, sai ka tsaya."

"Inda tawada ta ƙare masa?"

"Haka na ce da farko. Mai gida ya ce da gangan ne. Ya ce hazo ne, ko ruwa, ko abin da mai kallo ya zo da shi." Ya shafa leɓensa. "Baba, an hana mu kogi. Komata ta ruɓe a can. In yara sun kwanta nakan je in tsaya. A farin wurin nan nake ajiye garinmu. Shi nake nunawa da yatsa, ba mashigi ba."

Maina ma yakan tsaya ƙarshen gari ya kalli hanyar Geskeru.

"Ka taɓa shi jiya?"

"Taɓawa? Mai gida ba ya bari. Ko ƙuda ne ya sauka, da mafici yake korarsa, ba da hannu ba. Mutumin da ya ba ni ɗaki, Baba. Ƴata ƙarama a gidansa aka haife ta, matarsa ce ta yanke cibi."

*

Maina ya zaga gidan ta waje. Katangar ba a haura ta ba, ƙurar da ke kanta tana kwance. A ƙofar gida ba sawun dare ko ɗaya, dama dokar hana fita ta kulle kowa. Duk da haka ya nufi wurin Nasidi, don wata mai tuya ta tsegunta masa cewa Nasidi ya taɓa kawo wani bature ɗan porje, irin masu aikin agaji, ya ga zanen, yana neman ya shiga tsakani a yi ciniki.

Ya tarar da shi a kan benci kusa da moton da ya lulluɓe da buhu.

"A'a, Ba Maina! Raƙuma sun ƙare, an koma bin takarda?"

"Kai ma moto ya ƙare, ka koma hukunci. Miƙe ka yi tafiya in gani."

"Ni? Ni ake zargi?"

"Tafiya kawai na ce."

Nasidi ya taka yana gunaguni. Ƙafar dama tana jan ƙasa, tsohuwar karaya ce. Irin wannan sawu ko makaho zai gane shi, kuma babu shi a kan zanen tsintsiya.

"Baturen fa?"

"Ya tafi tun bara. Ai banza na wahala. Tomas cewa ya yi ko mota aka ba shi ba zai rabu da ita ba. Mutum ya riƙe takarda kamar uwarsa!"

"Kai ka taɓa ganin taswira da dutse ya kai sama a Komadugu?"

Nasidi ya sosa ƙeya. "To, ai ni abin da ake faɗa na faɗa."

"Wa ke faɗa?"

"Mutane."

"Da safe na ji su. Bakinka suke amfani da shi."

Maina bai ji daɗin cin nasarar ba. Bakinsa shi ma an yi amfani da shi da safen.

*

Azahar ta wuce. Ya samu Hannatu a madafi, tukunya a kan wuta ba ta sa mata komai ba.

"Madam, an ce kina yawan ƙorafi da baƙinku."

"Na yi," ta ce, ba ta ɓoye ba. "Na yi a kan ruwa, na yi a kan itace. Bakin mutum goma a tukunya ɗaya, Baba. Ga Abigel ƴarmu za ta zo daga Damagaram wata mai kamawa, haihuwar fari, dole a gida za ta yi. Na ce wa babanta, ina za mu sa ta, ita da jariri da wankan jego? Ya ce in yi shiru, shi ya yi alkawari gaban mutane, da wane baki zai ce su tashi? Na yi ƙorafi, Allah ya gani. Amma ban ce a sa mutum a mota ba." Ta goge ido da bakin zane. "Da na san inda ihuna zai kai, da na haɗiye shi."

"Kin taɓa sauke zanen nan?"

"Ni? A ina! Ba abin da ake figewa ba ne. Baban Abigel kaɗai ke yi, in damina ta kawo kai, don Shinuwan ya ce ba a barin shi a rataye shekara duka, raɓa tana cin shi. Sai ya wanke hannu tukuna. Ya fara naɗe shi daga ƙasa yana rataye, zanen a ciki, a hankali kamar mai ɗaukar jariri. In ya kai inda hannunsa ya tsaya, sai ya ɗauki sandar ya zare igiyar daga ƙusa. Ka san shi gajere ne."

"Wace sanda?"

"Mai baki biyu, ta gora. Tare aka ba shi. Tana bayan ƙofa."

Maina ya koma ɗakin shi kaɗai. Ƙofar zuwa ciki take buɗewa, ta rufe lungun, shi ya sa ba wanda ya taka wurin. Ya tura ta ya tsuguna.

Sandar tana jingine. A gindinta rami biyu ne a yashi: tsoho mai zurfi inda ta saba zama, da sabo a gefensa inda take yanzu. A gabanta sawu ɗaya, takalmin taya, diddigen hagu ya cinye. Ya gan shi da safe. Ya gan shi sarai, ya wuce, don ya riga ya cire mai shi.

Yanzu ya kwantar da kansa har kuncinsa ya kusa taɓa ƙasa. Wani siririn layi ya ratsa sawun daga diddige zuwa yatsu, ɗigo-ɗigo a gefe biyu, ya shige ƙarƙashin bango.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya roƙi Hannatu ƙwarya, ya kife a kai, ya ce kada kowa ya shiga.

*

Rana ta karkata lokacin da Bulama ya tara su a ɗakin: Tomas da Hannatu, Nasidi, Kaltum, da Modu tsakanin samari biyu. Sauran jama'a suka cika taga da tsakar gida. Wayar Bulama tana hannunsa.

Maina ya karɓi wani tsohon zane wurin Hannatu, ya ɗaura masa kara a ƙasa da igiya a sama, ya sa wani saurayi ya hau turmi ya rataye a ƙusar.

"Nasidi, a ce kai ne ɓarawon, dare ne, kana sauri. Sauke mini."

"Kullum ni!" Nasidi ya yi tsalle ya fizgo. Igiyar ta tsinke, ƙusar ta sunkuya, ƙasar bango ta zubo masa a ka. Wasu suka yi dariya a taga.

"Da safe ƙusar a miƙe take," in ji Maina. Aka gyara aka mayar. "Modu."

Modu ya miƙa hannu, ko ɗaga diddige bai yi ba, ya zare igiyar.

"Kun gani!" in ji wani daga waje.

"Na gani. Na ga mutumin da ba ya buƙatar sanda." Maina ya tura ƙofar, lungun ya bayyana. "Kaltum, kin share nan jiya?"

"Na share, Baba."

"Kin ɗaga sandar?"

"Ba na taɓa ta. Zagaye ta nake yi."

"To an ɗaga ta bayan shararki, an mayar, amma ba a raminta ba, don duhu ne. Ɓarawo ba ya mayar da sanda. Wanda ya yi wannan ya saba mayarwa." Ya ɗage ƙwaryar. "Bulama, matso ka gani. Takalmin wa ke nan?"

Bulama ya duƙa. Ya ɗago ya dubi ƙafar Tomas.

"Gidansa ne," in ji Nasidi. "Ai da safe ya shigo."

"Haka na ce ni ma, shi ya sa na wuce. Ga layin nan da ya hau kansa. Gyare ne. Gyare ba ya yawo da rana, kafin asuba ya shige raminsa. In ya taka sawu, sawun ya riga shi zuwa." Ya juya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mushe Tomas, ka ce rabonka da ɗakin nan tun la'asar. An rataye maka zanen can. Kai ma sauke mana."

Tomas ya taka zuwa bangon kamar mai tafiya cikin ruwa. Hannuwansa suka sauka da kansu suka kama karan ƙasa, suka fara naɗewa. Ya yi juyi ɗaya, ya yi na biyu, sai ya tsaya. Ya jingina goshinsa da bango.

"Baban Abigel," in ji Hannatu. "Baban Abigel, ka yi magana."

"Yana ɗakin ajiya," ya ce, bai juyo ba. "Cikin bututun ruwa, a ƙarƙashin rufi."

Ba wanda ya binciki ɗakin ajiya. Ba wanda ya binciki ko'ina a gidan in ban da ɗakin baya. Saurayin da aka aika ya dawo da guntun bututu an toshe bakinsa da tsumma saboda gara. A ciki zanen yake, a naɗe tsaf, an ɗaure da igiyarsa, an lulluɓe da farin ƙyalle.

"Ban yi nufin a kira kowa ba," in ji Tomas. "Cewa na yi in ya ɓace, zan ɗan ɗaure fuska kwana biyu, Modu mai kunya ne, zai ce mini bari su koma sansanin Asaga wurin danginsu. In ce a'a, ya ce i, shi ke nan, ban kori kowa ba, alkawarina yana nan. Sai ta yi ihu. Sai na ji an ce taswira." Ya juyo, hawaye ya jiƙa masa gemu. "Tun safe nake buɗe baki. Da aka jawo shi na ce bari in faɗa. Da aka fasa masa leɓe na ce yanzu ai sai su kashe ni. Da Bulama ya ce la'asar na ce akwai sauran lokaci."

"Da la'asar ta yi fa?" in ji Bulama.

Daga masallacin unguwa ladan ya fara gyaran murya. Bulama ya dubi wayar da ke hannunsa, ya cusa ta aljihu kamar tana da zafi. Tagar da ke cike da kawuna ta fara shigo da haske, mutane suna zamewa ɗaya-ɗaya. Samarin nan biyu suka ja baya daga jikin Modu. Nasidi yana kakkaɓe ƙasa daga kansa, ya kasa dainawa.

Modu ya dubi Tomas.

"Mai gida, da ka ce mini Abigel za ta zo haihuwa, da ni zan share mata ɗakin. Kaltum za ta dafa mata ruwan wanka."

"Ku zauna. Don Allah ku zauna. Ni zan kwana a tsakar gida."

"Kaltum ba za ta iya ɗiban ruwa a famfon unguwar nan ba kuma. Sun ga tsummanmu a ƙasa." Ya numfasa. "Shekara uku mun ci tuwonka, ba zan manta ba. Wannan ma ba zan manta ba. Gobe za mu tafi."

Tomas ya ɗauki zanen da hannu biyu ya miƙa masa. Modu ya girgiza kai.

"A Asaga ɗakin leda ne, ina zan rataye? In kuma aka gan shi a hannuna, taswira ce. Ka dai rataye shi sau ɗaya in yi sallama."

Tomas ya goge hannuwansa a riga. Ya kwance igiyar, ya saƙala ta a bakin sandar, ya ɗaga ya rataye, sannan ya riƙa sakin naɗin a hankali. Kan duwatsu ya fara fitowa, sai farin filin, sai itatuwa, sai kogi da mai jirgi. Modu ya tsaya inda ya saba tsayawa. Idonsa ya shiga daga ƙasa, ya bi hanyar, ya hau. Da ya iso farin wurin ya daɗe. Sannan ya juya ya fita, Kaltum a bayansa.

Maina ya same shi a bakin randa yana alwala.

"Modu, ni na buɗe musu ƙofa da safe. Bakina ya riga idona."

"Ƙafata ce, Baba. Ba ka yi mata ƙarya ba."

"Ƙafar na faɗa. Ban tsaya na ga mai ita ba."

Modu ya miƙa masa butar. Suka tafi masallaci tare.

*

Washegari da hantsi Maina ya biyo ta layin, ba don an kira shi ba. Ƙofar gidan a rufe take. A yashin ƙofa ga layi biyu na ƙafar amalanke da kofaton jaki, sun nufi gabas. A gefe ga ƙafar ruwa mai buɗaɗɗun yatsu, ga silifas ɗin mace mai goyo, ga ƙananan ƙafafu suna tsalle suna komawa.

A bayansu, da ɗan nisa, akwai wani sawun. Takalmin taya, diddigen hagu ya cinye. Bai taɓa matsowa kusa da na farkon ba, bai kuma tsaya ba, har bakin kwalta. A can ƙafafunsa biyu suka haɗu a jere, suka nitse a yashi, irin nitsewar wanda ya daɗe a tsaye. Daga nan sawun ya juyo, taku gajere-gajere, yana jan ƙasa.

Wannan karon Maina bai cire shi ba. Ya bi shi da ido, taku bayan taku, har ƙofar gida.